Bulon Roba da Motar Kara: Nasiha Ga Matasan Tambuwal da Kebbe



Wayar hannu ta kawo mana kasuwannin duniya har bakin zaure. Yaron da ke Dogon Daji ko Sanyinna ko Kuchi yana iya raba dare yana kallon abin da ake sayarwa a Landan da Dubai, ko da kuwa bai taɓa taka Sakkwato ba. Cikin abubuwan da ke yawan giftawa a TikTok da YouTube akwai wanda da yawanku suka sani: a yage ƙaton kwali, a zazzage dubban ƙananan bulo na roba a kan tebur, hannuwa biyu su yi ta harhaɗa su, kafin ka ƙifta ido sai ga fada ta tashi da hasumiyoyi da gadoji. Kamfanin LEGO ke yin wannan bulo, fadar kuwa ita ce makarantar Hogwarts ta cikin labarin Harry Potter. Abin yana da ƙayatarwa, kuma ba laifi ba ne ya burge mutum. Sai dai abin da ya shiga ido yakan nemi hanyar zuciya, daga nan ya nemi ta aljihu. Don haka ya kamata ku san asalin abin, ku san masu cin ribarsa, ku kuma san abin da ya dace ku ɗauka daga cikinsa da wanda ya dace ku bar wa masu shi.

Wani kafinta ne, Ole Kirk Christiansen, ya kafa kamfanin a ƙauyen Billund na ƙasar Denmak. A 1932, bayan tattalin arzikin duniya ya karye, aikin gini da na kujeru ya tsaya, sai ya koma sassaƙa wa yara kayan wasa da katako don ya ciyar da iyalinsa. Gobara ta cinye masana'antarsa a 1942, ya sake ginawa. A 1947 ya sayi injin narka roba, a 1949 ya fara fitar da bulo. Na farkon ba ya kama juna sosai, da an taɓa ginin sai ya zube. Sai a 1958 ɗansa Godtfred ya yi rajistar dabarar da ta gyara matsalar: 'yan kawuna a saman bulon, 'yan bututu a cikinsa, ta yadda in an danna ɗaya kan ɗaya za su riƙe gam, in an ja kuma su rabu. Bulon da aka yi a waccan shekara har yau yana shiga cikin wanda aka yi bana daidai wa daida. Ku riƙe wannan a ranku: kamfanin da ake ji da shi a duniya yau, daga bencin kafintan ƙauye ya taso.

Labarin Harry Potter kuwa wata marubuciya 'yar Birtaniya, J.K. Rowling, ta ƙaga shi. Littafin farko ya fito a 1997 bayan kamfanonin ɗab'i da dama sun ƙi karɓarsa. Zuwa 2007 littattafan sun zama bakwai, zuwa yau kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 500, an fassara su zuwa harsuna sama da 80. Kamfanin Warner Bros ya mayar da su fina-finai takwas tsakanin 2001 da 2011. A 2001 ɗin ne LEGO, bisa izinin da ya samu, ya fara fitar da gine-gine da mutanen labarin da bulonsa. Ma'anar izinin ita ce, duk kwalin da aka saya, wani kaso na kuɗin yana komawa ga masu labarin. Mutum uku ke cin abinci a wannan ciniki: wadda ta ƙagi labari, waɗanda suka yi fim, da waɗanda suka zana bulo suka ƙera shi. Na huɗunsu shi ne mai saye, shi kaɗai ne ke fitar da kuɗi. Tambayar da nake so kowannenku ya yi wa kansa ita ce, a cikin huɗun nan, wanne nake shirin zama?

Mu zo ga farashi. Babbar fadar Hogwarts da aka fitar a 2018 tana da bulo 6,020, an kuma fara sayar da ita a kan kusan dala 400. A lokacin da dala ke kai-komo a wajen naira 1,500, wannan ya kama naira 600,000, tun kafin a sa kuɗin dako da na kwastan. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai yi wata takwas da 'yan kai bai ci ba, bai sha ba, kafin ya haɗa kuɗin kwali ɗaya. Wannan kuɗi zai sayi keken ɗinki da injin ban-ruwa, har a sami canji. Su kansu masu kamfanin ba don yara suka yi waɗannan manyan kwalaye ba. Manya suka nufa, masu albashi da rarar kuɗi a Turai da Amurka da Asiya.

Da yawa daga cikin masu sayen ba sa ma buɗe kwalin. Jera shi suke yi a kanta, su jira. Dalili kuwa shi ne kamfanin yakan daina buga kowane samfuri bayan 'yan shekaru, sai ya yi wuyar samu, farashinsa ya hau a hannun 'yan kasuwa. Wasu masu bincike a wata jami'a ta Mosko sun bi farashin tsofaffin kwalaye fiye da 2,000 na tsakanin 1987 da 2015, suka gano cewa a tsaka-tsaki darajarsu tana ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin 100 a shekara. Da irin wannan magana ake jan hankalin matashi a intanet, a ce masa wasa ne kuma jari ne. To, ku yi hattara. Tsaka-tsaki yana nufin wasu sun hau, wasu sun faɗi, kuma ba wanda ya san mai hawa tun daga farko. Sannan darajar kwalin tana tare da lafiyarsa: bai lanƙwashe ba, bai koɗe ba, ba a ɓalle hatiminsa ba. Ku tuna zafin bazararmu, da ƙurar hunturu, da gara, da ɓera. Uwa uba, sai akwai mai saye.

Iyayenmu mata sun riga Turawa sanin wannan sha'ani. Kayan jeren ɗakin amarya, tasoshi da kwalla da fanteka da aka tsara har kusa da rufi, ado ne kuma ajiya ce. Ranar da buƙata ta taso, a ɗauki ɗaya a ba dillaliya, kafin la'asar kuɗi sun shigo, domin duk unguwa an san darajar abin. Duk da haka, da yayi ya juya zuwa tangaran da kuloli, tsofaffin kwanukan sun rasa mai tayawa. In abin da kowa ya sani ya iya faɗuwa haka, ina ga wanda in ka kai shi kasuwar Tambuwal ko ta Jega ba wanda zai tambaye ka nawa? Ajiyar da ba ta da mai saye a inda kake zaune kaya ce kawai.

Ga kuma jabu. A 2019 'yan sandan ƙasar Sin sun kai samame masana'antar wani kamfani mai suna Lepin a birnin Shenzhen, suka kama kwaikwayon LEGO na kimanin dala miliyan 30. Wanda ya tura kuɗinsa ga wani baƙo a intanet saboda hoton kwali ya yi cinikin biri a sama.

Abin da ya fi asarar kuɗi muni shi ne ciwon tarawa. Kasuwa ba ta taɓa ce wa mutum ya isa haka. Ka sayi fada, za a fito da jirgin ƙasa. Ka sayi jirgin, za a fito da titin shaguna, kamar wanda aka fitar a 2020 mai bulo 5,544. Na san mafi yawanku ba za su taɓa sayen ko ɗaya ba, amma ciwon ɗaya ne da na mai sauya waya duk wata shida, da mai tara takalma da rigunan ƙwallo, da mai cin bashi don ya yi hoto. Kallon abin da ba ka da halinsa dare da rana yana sa ka raina abin da ke hannunka, daga nan sai ƙunci, daga ƙunci sai neman kuɗi ta kowace hanya. Addininmu ya hana almubazzaranci, al'adarmu kuma ta ce kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai maganar da iyaye da malamai za su tayar, kuma suna da gaskiyar tayar da ita. Labarin nan na makarantar koyon sihiri ne, sihiri kuwa yana cikin manyan zunubai masu halakarwa a Musulunci, babu ja a kai. Gaskiya ne labarin ƙage ne, kuma mu ma tatsuniyoyinmu cike suke da dodanni da aljanu da 'yan layu. Amma mai tatsuniya yakan rufe da shaida wa yara cewa ƙarya ya shirga, kowa ya tashi ya san wasa aka yi. Ku ma ku riƙe wannan iyaka. Kada ƙawar fim ta sa sihiri ya zama abin sha'awa a zuciyarku, kuma in iyayenku suka ce ba sa son abin a gidansu, ku bi maganarsu ba tare da musu ba. Ku sani kuma cewa wanda ya fi hatsari yana kusa da ku: bokan da ke alkawarin farin jini da cin jarrabawa, da ɗan damfarar da ke cewa zai ninka muku kuɗi. Su ne ke raba mutum da imaninsa da dukiyarsa a rana ɗaya.

To, mene ne abin ɗauka? Ginin kansa. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Søren Eilers, ya sa kwamfuta ta lissafa hanyoyin da za a iya haɗa bulo shida kacal, masu kawuna takwas-takwas kuma launi ɗaya. Amsar ita ce 915,103,765. Bulo shida ke nan. Amma kwalin fada mai bulo dubu shida yana zuwa da littafin umarni da ke nuna hanya ɗaya tak: ɗauki wannan, ɗora a nan, juya shafi. Mai bin littafin yana koyon haƙuri da natsuwa da karanta zane, waɗannan kuwa ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai tunanin an riga an yi shi a Billund. Wani ne ya zauna ya auna tsawon hasumiya, ya gano inda nauyi zai sauka, ya rushe ya sake har ta tsaya. Shi ake biya albashi.

Yanzu ku dubi abin da ƙannenku ke yi bayan an yi girbi. Yaro ya tsinci karan dawa, ya feƙe ɓawon ya zama 'yan sanduna, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya soka wannan cikin wancan har mota ta fito da ƙofa da gilashi da wurin kaya. Wani ya buɗe gwangwanin madara ya miƙar, ya yanko tayu daga tsohon silifa, ya lanƙwasa waya ta zama sitiyarin da ke juya tayun gaba da gaske. Wani ya kwaɓa laka a bakin tafki ya fitar da sa da tozonsa. Yarinya ta ɗinka wa 'yar tsanarta zane da kallabi daga ƙyallen da tela ya zubar, ta shirya mata ɗaki. Babu littafin umarni ko ɗaya a nan. Yaron ya kalli tirelar da ke wucewa a titin Sakkwato zuwa Jega, ya riƙe siffarta a ka, ya rage ta daidai gwargwado, ya nemo abin da zai maye gurbin ƙarfe, ya gwada, ta karye, ya gano dalili, ya gyara. Wannan shi ne ainihin aikin injiniya da mai zanen gini. Abin takaici, da ya kai shekara goma sha biyu sai a ce masa ya girma, ya bar wasan banza, shi ma ya fara jin kunyar abin da hannunsa ya iya.

In kuna neman shaida, ba sai kun je nesa ba. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogon Daji ne, an haife shi a 1966, ya tashi a Sakkwato yana zanen motoci tun yana yaro. Ya yi Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya karanta zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan ya tafi birnin Detroit na Amurka ya koyi zanen mota. A 1994 kamfanin General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana siffar samfurin motar nan mai aiki da lantarki, Chevrolet Volt, da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci. Ɗan wannan ƙasa tamu ne, kuma fensir da takarda ne jarinsa na farko.

Wajen gini ma muna da gadonmu. Tun kafin a san roba, maginanmu suna mulmula tubali da hannu, su shanya shi a rana, su jera shi tsinin yana kallon sama, su cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Da azarar giginya suke ɗaure baka su ɗora rufin soro, su shafe bango da makuba don ruwa, su ƙawata kusurwa da zanko. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masana gini na ƙasashen waje kuma sun yi ta zuwa nazarin bakunansa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa ƙubbobi da hasumiyoyi. A 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. Da ƙasar da kuke takawa kullum suka yi wannan aiki.

Haka labari. Fadar Hogwarts babu ita a ko'ina sai a kan marubuciyarta, amma ga shi ana biyan dala ɗaruruwa don a mallaki kwaikwayonta. Mu kuwa muna da Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, wanda ragowar ganuwarsa ta dutse ke nan a jihar Sakkwato, har an sa shi a jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su tun 2007. Garin Tambuwal kansa yana da tarihin ribaɗi tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga labaran mafarauta da masunta da fatake da ke bakin kakanninku. Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, ya fito da Ruwan Bagaja, wanda ake karantawa har gobe. Abin da ya rage mana shi ne masu zama su rubuta, su zana, su ƙera. Wanda bai mayar da labarin gidansu abin sayarwa ba, zai ƙare yana sayen na gidan wasu.

Saboda haka ga shawarata. In Allah ya sa bulon roba ya zo hannunku, ko tsaraba ce ko a gwanjo aka samo, ku buɗe ku yi amfani da shi. Ku bi littafin sau ɗaya don ku ga dabarar mai zanen, sannan ku rushe ku gina naku: zauren gidanku, rumbun hatsi, tashar mota, masallacin unguwa. Ba dole sai mai sunan LEGO ba. Wa'adin rajistar dabarar ya ƙare tuntuni, kamfanoni da yawa suna yin irinsa da araha bisa ƙa'ida. Ku dai nisanta ƙananan daga yaran da ba su kai shekara uku ba, don suna iya haɗiyewa su shaƙe.

In bai zo ba, kada ku saka shi a rai. Kara da kwali da waya da laka suna nan kyauta. Ku ƙara musu abu biyu da yaran zamanin da ba su samu ba: ma'auni da littafin zane. Kafin ka yanka, zana. Kafin ka zana, auna. Rubuta tsawo da faɗi, ka koyi rage babban abu zuwa ƙarami bisa lissafi, ka ajiye zanen ko da abin ya lalace. Wanda ke da damar kwamfuta ya sani akwai manhajar kyauta mai suna BrickLink Studio da ake gini da bulon a cikinta ba tare da an sayi ko ɗaya ba. Kamfanin ma yana da dandalin LEGO Ideas inda kowa ke iya gabatar da zanensa. In mutum 10,000 suka goyi baya, sai a duba shi, in aka buga kuma mai zanen yana da kashi 1 cikin 100 na cinikin.

Ku riƙi darasin lissafi da na zanen fasaha da muhimmanci, domin su ne ke raba mai wasa da gwani. Lokacin hutu ku roƙi iyayenku su kai ku wurin kafinta ko mai walda ko magini ko tela ko bakanike, ku yi ladabi, ku share shago, ku sa ido. Da koyo akan iya. Masu niyyar zurfafa karatu kuma, ga Kwalejin Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ga ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi inda Jelani ya bi, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero nan kusa da ku, ga sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ku 'yan mata, wannan magana har da ku. Hannun da ya iya tsara zanen lalle da ɗinkin hula ya iya zanen gida, kuma labarin da ya tara duk wannan dukiya mace ce ta rubuta shi.

Ku kuma yayye da ke da ƙanne a gida, in kun ga yaro ya duƙufa a kan kara da gwangwani, kada ku kore shi, kada ku taka masa. Ku tambaye shi yadda ya yi, ku saya masa fensir da ruler da almakashi, ku nuna masa inda zai gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ƙannena, ku rage kallon abin da wasu suka ƙera, ku ƙara lokacin ƙera naku. Ku zama masu zane da masu gini da masu rubutu, waɗanda wasu za su biya don su mallaki aikinsu. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa wa hannuwanku sana'a mai amfani, Ya tsare ku daga kwaɗayi da ɓarna. Wassalam.